Jaki Ba Ya Gaisuwa

A madarasa ni ne na ɗaya a riyadiyat, wato lissafi, ni ne kuma na ƙarshe a riyada, wato motsa jiki. Kalmomin nan biyu sun yi kama da juna kamar wa da ƙane, kuma Kaka, mahaifiyar Baba, ba ta taɓa ganin dalilin raba su ba. Da su ta shiga gardama ranar da aka fara maganar wanda zai raka ta aikin hajji.

Muna zaune a tsakar gida bayan la'asar, a inuwar gutiyyarta, ɗakin ciyawa mai tsinin kai irin namu na Gadarif. Hadari ya fara leƙowa daga wajen Habasha amma ruwa bai sauka ba tukuna. Baba ya ce bana, in Allah ya nuna mana yankan riɗi lafiya, Kaka za ta sauke farali. Shi ya riga ya je, kuma hajjin zai faɗo daidai girbin dawa, ba zai bar gona ba. Ɗaya daga cikinmu ne zai tafi da ita, ko ni ko Yaya.

Yaya da rani dakon buhuna yake yi a kasuwar hatsi, da damina yana gona. Wuyansa ya fi cinyata kauri. Afandi yake ce mini, kamar yadda ake kiran ma'aikatan ofis masu alƙalami a aljihu.

"Da maigidana zan tafi," in ji Kaka, ta nuna ni da carbi. Haka take kirana, irin wasan kaka da jika. "Shi zai karanta mini allunan hanya, shi zai ɗora mini addu'o'i. Wancan in aka ba shi takarda juya ta yake yi yana neman wurin kamawa."

"Inna, ba karatu ba ne damuwar," in ji Baba. "Na ga turmutsutsun nan da idona. Gwiwarki ba za ta yi ɗawafi ba. Ko a goya ki, ko masu ɗaukar tsofaffi a kan gado su zaga da ke."

"Ba mai ɗora ni a kan makara da raina."

"To kin gani. Wannan kuwa," ya dube ni daga sama har ƙasa, abin bai ɗauke shi lokaci ba, "in iska ta taso a jirgin ruwa, ke za ki riƙe shi."

"Kai dai ba ka san ɗanka ba. Ai shi ne na ɗaya a riyada. Ustaz ɗinsu da bakinsa ya faɗa mini."

Yaya yana kurɓar shayi, sai da ya fito masa ta hanci. Na buɗe baki in gyara mata, ta harare ni, na rufe. Baba ya danne dariyarsa cikin gemu ya ce shi ke nan, akwai damina guda a gaba. Ranar da aka gama shigo da riɗi zai duba ni. In har ina nan kamar karan dawa, Yaya ne zai tafi.

Da ma ban cika magana a gaban Baba ba. Amma ina son tafiyar nan fiye da yadda kowa ya zata. Ban taɓa ganin teku ba sai a taswira. Kuma ni ne wanda Kaka ta fi ba labarin iyayenta: sun taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, ita tana goye a bayan uwarta, niyyarsu Makka. Suka tsaya a Gadarif su yi noman damina ɗaya su haɗa guzuri. Daminar ta haifi wata, waccan ta haifi wata, har aka binne su duka biyu a bayan gari. Ta ba ni labarin har na san inda take tsayawa ta yi ajiyar zuciya. In za a ƙarasa hanyar nan, ina so a ce ni ne a gefenta.

Washegari na yi abin da na iya, na tafi ɗakin karatu. Na sami littafi guda a kan lafiyar jiki na karanta shi daga bango zuwa bango. Ya yabi gudu, ya yabi ɗaga ƙarfe, ya ƙi ya ce wanne ya fi. Sai na tattara ƙarfin hali na je wurin ustaz ɗin riyada, malaminmu na motsa jiki, wani dogo mai usur a wuya, wanda ya saba ganina a gindin bishiya ina riƙe wa 'yan ƙwallo riguna.

"Gudu," in ji shi, tun ban gama tambaya ba. "Numfashi shi ne komai. Tsakanin Safa da Marwa ma gudu ake yi. Ƙarfe kumbura mutum kawai yake yi, ya mai da shi buhu mai ƙafa."

Da na faɗa wa Yaya sai ya ce, "Afandi, in ka iya gudu me zai faru? Cunkoso ya taso, ka tsere ka bar tsohuwa. Ƙarfe za ka ɗaga. Zo in koya maka. Ba don ina so ka tafi ba, don kada a ce ƙanena ne iska ta kayar."

Na zaɓi gudu, saboda mutum shi kaɗai yake yinsa, ƙarfen Yaya kuwa kullum abokansa na zagaye da shi.

Bayan sallar asuba, da gari ya yi haske, na ɗaure wando na sa takalmin madarasa mai igiya. Littafin ya ce a fara a hankali, a riƙa shaƙar iska ta hanci. Abin da littafin bai sani ba shi ne unguwarmu. A irin wannan lokacin kowane dattijo yana ƙofar gidansa a kan buzu, yana jan carbi yana jiran shayi. Ɗa mai tarbiyya kuma ba ya wuce babba a tsaye, balle a guje. Sai ka rage tafiya, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa.

Ban kai ƙarshen katangarmu ba na tarar da maƙwabcinmu tela. Na ci birki, na kwance igiya, na durƙusa.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau. An tashi lafiya? Ya gajiya? Ya mahaifin naka? Ya tsohuwa da gwiwa? Ina zuwa haka da hanzari?"

"Ba ko'ina, Baba."

"Ba ko'ina kake wa wannan gudun?"

"Riyada ce."

"To. Allah ya ba da sa'ar jarrabawar."

Na ɗaure igiya, na yi taku kaɗan, ga liman. Bayan liman ga mai kanti, shi kuma Balarabe ne, gaisuwarsa ta fi tamu tsawo, sai ya dafa kafaɗarka ya yi ta tambayar lafiyarka kamar bai yarda da amsar farko ba. Kafin in kai bakin unguwa rana ta fito. Ban yi gumi ko ɗigo ba, amma cinyoyina sun yi tsami saboda durƙuso, kuma na ƙware a ɗaurin igiyar takalmi.

Na yi kwanaki a haka. Sai wata safiya na yanke shawara irin ta mai lissafi: tunda gaisuwa ce ke cinye gudun, a ɗebe gaisuwa a ga abin da zai saura. Na sunkuyar da kai na fita da gudu na gaske. Na wuce tela, na ji ya ce, "Kai, lafiya?" ban waiga ba. Na bi ta gaban gidan liman, don nan hanya ta bi, na fita bayan gari, na yi ta yi har numfashina ya ƙare, abin da bai ɗau lokaci ba. Na dawo a hankali ina jin kaina kamar wani.

Tun daga kwana na hango takalman mata sun cika ƙofar gidanmu. Na ƙara sauri.

Ashe matar tela ce ta leƙo ta ga yaron nan mai kunya, wanda ko kaza ba ya wucewa bai gaishe ta ba, ya fito a guje da sassafe, kai a ƙasa, ya nufi gidan liman. A unguwarmu irin wannan gudun fassara ɗaya gare shi. Ta yafa tob ɗinta, dogon mayafin nan na matanmu, ta bi gida-gida. Kafin a jima mata sun taru, suka shigo da salati da hawaye, suka tarar da Kaka a bakin gutiyya tana shan kunu.

Lokacin da na shigo ta riga ta sa an shimfiɗa tabarmi, tana karɓar ta'aziyyarta da kanta. "Ke kin yi kuka sosai, Allah ya yi miki albarka. Ke kuwa idonki a bushe yake, na gani. Waccan ta layin baya ba ta zo ba ko? To, na riƙe."

Baba ya kira ni gefe.

"Ka wuce liman ba gaisuwa."

"E, Baba."

"Ka kashe mini uwa kafin karin kumallo."

"E, Baba."

"Daga yau in na sake jin ka yi gudu a unguwar nan, to ya zama gobara ce ko kare ne ya biyo ka."

Da yamma ya sa na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri, a durƙushe.

Na ce to, sai in taka a hankali har bayan gari, can in yi gudun. Sai ruwa ya sauka. Ƙasarmu baƙa ce, da rani ta tsattsage har ƙafar akuya ta faɗa, da damina kuma ta zama kamar an kwaɓa ta da danƙo. Kowane taku sai ta ƙara maka sabon tafin takalmi. Na ɗan yi gudu na tsaya na ga na ƙara tsawo, kowace ƙafa tana jan turmi. Da na fizgo ta dama, ta fito ba takalmi. Na tona ban same shi ba. Ina jin yana can har yau a ƙarƙashin gonar wani.

Haka na koma wurin Yaya da takalmi ɗaya. Ƙarfensa yana bayan ɗakinsa: doguwar sandar ƙarfe ce aka zura mata faya-fayan garmar tarakta da suka mutu, aka ɗaure da waya. Na ce masa littafi ya ce a fara da mara nauyi a riƙa ƙarawa.

"Afandi, nauyi ɗaya gare mu a gidan nan. Buhu ba ya tambayarka ko yau ka fara."

Abokansa suna zaune a kan katanga suna cin gyaɗa. Na kama sandar na ja. Ba ta motsa ba. Wani ya ce a duba ko an kafe ta da ƙusa. Wani ya ce in karanta mata wani abu daga littafi, wataƙila ta miƙe don girmamawa.

Na bari sai da su Baba da Yaya suka tafi gonar Fashaga noma, na je ni kaɗai. Na kwance waya na cire faya-fayan, na bar ɗaya a kowane gefe. Na kwanta a kan benci kamar yadda Yaya ke yi, na ɗauko sandar daga kan duwatsun da take zama. Ta sauko kan ƙirjina lafiya lau. Komawa ce ta ƙi. Ba ta hana ni numfashi ba, amma ba ta da niyyar tashi. Ina jin Umma tana daka a tsakar gida, kira ɗaya ya isa. Sai dai na yi ta tunanin me zan ce, da wace murya, har na ga gara in jira. Na kwanta ina kallon gajimare. Akuyarmu ta zo ta shinshina ƙafata, ta fara cin bakin wandona.

Kaka ce ta same ni, ta zagayo da sandarta neman inda kazarta ke saka ƙwai. Ta tsaya a kaina ta daɗe tana kallo.

"Maigida, wannan wane irin lissafi ne?"

"Kaka, ki kira Umma."

"In ce mata me? Mijina na kwance ƙarfe ya hau shi?" Ta sa ƙugiyar sandarta ta ja gefe ɗaya, ƙarfen ya karkata ya zame ƙasa. Na tashi zaune ina shafa ƙirji.

"Gudu an hana ni," na ce. "Ƙarfe ya ƙi ni. Ki tafi da Yaya kawai."

"Ka gama? To tashi. Yau akwai darasi."

Akwai wata hajiya a ƙetaren kwari da ke tara tsofaffin da suka yi niyya tana koya musu yadda ake aikin hajji. Kafin ruwa, a keken jaki Kaka ke zuwa. Tun da ƙasa ta jiƙe mai keken ya ce jakinsa ba zai shiga unguwarmu ba sai bayan damina. Darussa sun wuce ta, kuma labari ya iso mata cewa wata ƙawarta ta haddace komai har tana yi wa mutane gori.

Ta shiga ɗaki ta buɗe akwati ta fito da wani tsohon zanen saƙi da ya koɗe. "Da wannan na goya ubanka, da shi na goya ka. Juya."

"Kaka, mutane fa."

"Mutane sun riga sun yi kukan mutuwata, me ya rage ba su gani ba? Durƙusa. Wannan kam ka iya."

Na durƙusa, ta hau. Umma ta zo tana toshe baki da gefen mayafi, ta ɗaure mana zanen a ƙirjina. Na miƙe. Ba ta kai ƙarfen Yaya ba, amma ta fi yadda ido ke nunawa. Ƙashi ne da carbi da taurin kai.

Muka fito, kunnuwana na zafi. Tela ya ɗago kai daga kan kekensa. Jikina ya yi abin da ya saba, na rage tafiya, gwiwata ta fara lanƙwasa. Kaka ta tafi gaba kamar za ta wuce ta saman kaina, ta cafke kunnena.

"Me kake yi?"

"Zan gaishe shi."

"Yau kai jaki ne. Jaki ba ya gaisuwa, mai jaki ke yi. Wuce." Ta ɗaga murya. "Malam tela, barka da yamma. Ya aiki? Ya mai kukan mutuwata? A gaishe ta."

Tela yana amsawa muna wucewa, sauran gaisuwar ta bi bayanmu har kwana. Haka muka wuce liman. Haka muka wuce mai kanti, Kaka ta yi masa da Larabcinta mai ƙamshin daddawa. Ba wanda ya ce na yi rashin kunya. Ba wanda ya ma dube ni, don ba a kallon jaki in mai shi tana magana. Ga mutum irina wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce. Tunda nake ban taɓa ratsa unguwarmu daga farko har ƙarshe ban tsaya ba sai ranar.

A kwari na sha wuya. Laka ta kama ni har idon sawu, ruwa yana ja, Kaka tana ba da umarni daga sama: dama, hagu, bi inda shanu suka bi. Na sauke ta a ƙofar hajiya na zube a ƙasa ina jin zuciyata a cikin kunne. A komowa hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ta zungure ni da dunduniya.

"Tob ɗina sabo ne. In ya jiƙe, yaji zan yi."

"Baba ya hana ni gudu."

"Ɗansa ya hana. Bai ce komai a kan jakina ba."

Na yi sassarfa da ita har gida. Matar tela tana kallo ta kan katanga, ba ta ce kowa ya rasu ba, don ga mamaciyar nan tana ɗaga mata hannu.

Daga nan abin ya zama na kullum. Ranar da babu darasi sai ta ƙirƙiro wata unguwar: barka, dubiya, wata ƙawa da ta shekara ba ta nema ba. Tsofaffin gidan hajiya suka fara roƙon a ba su aron jakin, ta ce bai gama horuwa ba. A hanya tana maimaita addu'o'in ɗawafi, ina gyara mata, tana cewa hakina ne ke ɓata mata karatu. Da farko nakan sauke ta in huta. Wata rana na lura mun iso ƙofar hajiya ina tsakiyar yi mata bayani, ban ma tsaya ba. Rigar madarasa ta fara kama ni a kafaɗa. Ustaz ya tare ni ya dube ni ya ce, "Ka ga amfanin gudu ko?" Yaya da ya dawo daga gona ya matsa damtsena ya ce, "A ɓoye kake taɓa mini ƙarfe ko?" Kowannensu na yi masa murmushi.

Aka yanke riɗi, aka kaɗe, aka shigo da shi. Ranar da aka sauke kayan ƙarshe, Baba ya zauna a tsakar gida ya sa aka kira kowa. Ya nuna wani buhu cike, bakinsa a ɗinke.

"Ɗauka ka kai ɗakin ajiya."

Na tsuguna na rungume shi. Ya bar ƙasa, wannan kam ya bari. Ya zo gwiwata, ya tsaya yana shawara, ya koma. Yaya ya zo, ba don mugunta ba, don dai a kawar da shi daga hanya, ya wurga shi a kafaɗa kamar matashin kai ya wuce. Baba ya dube ni, ya dubi ƙasa. Na ga shi ma bai ji daɗi ba, wannan ya fi yi mini ciwo.

"Inna, kin gani."

"Na gani. Buhun ne ya yi niyyar hajji? In shi ne, a ɗaura masa harami su tafi da mai ɗaukarsa. In ni ce, a gwada da ni." Ta nuna Yaya da ya dawo yana kaɗe hannu. "Kai, zo ka ɗauke ni."

Yaya ya yi abin da ya sani. Ya sunkuya ya kama ta a kugu, kafin wani ya yi magana Kaka tana kan kafaɗarsa, kai a baya ƙafafu a gaba, tob ya rufe mata fuska. Daga cikin tob ɗin muka ji tana zagin kakarsa, wadda ita ce, carbi yana sauka a gadon bayansa. Ya dire ta da sauri ya ja baya. Umma ta shige madafa, muna jin dariyarta daga can.

Kaka ta gyara tob, ta nemo numfashinta, ta ce, "Maigida."

Na durƙusa. Ko zane ba mu nema ba.

"Mu ɗauka ɗawafi ne, rumbun nan za a zaga. Sa shi a hagunka."

Muka fara. Tana karanta addu'a, inda ta maƙale in ɗora mata. Yaya, don ya rama dukan carbi, ya shigo gabanmu yana bangazata da kafaɗa, wai shi ne turmutsutsu. Na kauce, na ratsa tsakaninsa da turmi, kaji suna watsewa. Muka cika bakwai. Na tsaya a gaban Baba, gwiwata ta fara lanƙwasa da kanta, Kaka ta kama kunnena, na miƙe.

Baba ya daɗe yana shafa gemu. "Ni fa tela ya ba ni labari tun tuni. Liman ma haka. Na ce sai na gani da idona." Ya juya wurin Yaya. "Ni da kai a girbin dawa."

Yaya ya ce shi da ma jirgin ruwa bai taɓa burge shi ba, a dai kawo masa dabino da zamzam. Ranar tafiya ya ba ni sabon takalminsa na fata, ya ce kada in bar ɗaya a cikin teku.

Muka bi jirgin ƙasa zuwa gaɓar teku, muka hau na ruwa. Iska ta taso kamar yadda Baba ya faɗa, amma ni na riƙe ta. Tekun ya fi na taswira girma, kuma na taswira ba ya sa amai. A ɗawafi na goya ta cikin jama'ar da ban taɓa ganin irinta ba. Tana kuka a hankali a bayan wuyana, tana ambaton uwarta da ubanta a tsakanin addu'o'i. Ranar ban gyara mata ko kalma ɗaya ba.

Da muka zo Safa ta ce in sauke ta. Na ce gwiwar fa.

"Da ƙafa suka taso. Wannan guntun da ƙafata zan yi shi."

Muka tafi a hankali, hannunta a cikin nawa. Da muka iso koriyar alama, inda maza ke sassarfa mata kuma su ci gaba da tafiyarsu, ta zare hannunta.

"Nan ne wurin da ustaz ɗinka ya faɗa ko? Je ka. Ka jira ni a ɗaya alamar."

Na duba. Hanya cike take da dattijai, farin gemu ta ko'ina, kuma duk gudu suke yi. Na riƙe gefen haramina na shiga cikinsu. Ba wanda ya ce mini lafiya, ba wanda ya tambayi wa ya rasu. Gudun gajere ne, kafin in gama jin daɗinsa ya ƙare. Na koma gefe ina jira har ta iso, tana haki, fuskarta a jiƙe. Ta miƙo mini hannu.

"Na gan ka," in ji ta. "Duk dattijan nan ko ɗaya ba ka gaisar ba. Bari mu koma gida, ubanka zai ji."